CIWON ƘARYA, IN JI MASU LAFIYA

Yau kam ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, masu jiran su ji yadda aka ƙare tsakanin saurayi da budurwa sai su yi haƙuri sai littafi na gaba. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun wani yinin biki da muka je Gwammaja, na yi na yi in haɗiye ta ta ƙi wucewa, shi ne na ce bari in amayar da ita a takarda ko na samu barci.

Muna zaune a tsakar gida kan tabarmi ana ta rabon shinkafa, sai ga yayata ta shigo. Ta sha leshinta, ta yi lalle, ta gaisa da mutane tana fara'a, ta wuce ɗakin uwar amarya. Ko labule bai gama sauka ba sai na ji wata a bayana ta ce, "Wannan ba ita ce aka ce ciwon zuciya ya sa ta ajiye aiki ba? To ai ni ran Talata na gan ta da fararen kaya a wani asibitin kuɗi." Ta kusa da ita ta taɓe baki ta ce, "Ke dai bari. Ciwon ƙarya ne, ki dube ta fa garas da ita. Ta karɓe kuɗin gwamnati ta koma gefe tana cin tudu biyu, ai 'yan boko sai a bar su." Suka sa dariya har da tafawa. Ba su san cikinmu ɗaya da ita ba. Ban tanka ba, gidan mutane ne kuma ranar farin cikinsu ce, amma wallahi shinkafar nan ban iya ci ba.

To ga amsar da ban ba su ba ran nan. Kuma ba su kaɗai nake ba, don na san irinsu suna da yawa, wataƙila ma ke mai karatu kin taɓa faɗin irin wannan a kan wata, ba da mugun nufi ba, don dai baki ya saba.

Yaya nas ce. Shekara 15 ta yi a wani babban asibitin gwamnatin tarayya, ba sai na faɗi sunansa ba. Wadda ba ta san aikin jinya ba gani take farin kaya ne kawai da ƙwas-ƙwas ɗin takalmi. Aiki ne na tsayuwa tun safe har la'asar, ko tun dare har gari ya waye, ki ɗaga wanda ya fi ki nauyi, ki juya shi, ki tura gado, ki hau bene ki sauka sau ba adadi. Haka ta yi ta yi da ciki da goyo, ba mu taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Sai a haihuwarta ta biyar, arba'in ba ta cika ba muka ga ƙafafunta sun kumbura, tana haki kamar wadda ta yi gudu alhali daga ɗaki zuwa banɗaki ta je. In ta kwanta sai numfashi ya tsaya, sai an jera mata matasai uku ta jingina sannan ta ɗan runtsa, ga tari duk dare. Mu a gida muka ce sanyi ne, wasu suka ce jego ne bai karɓe ta ba, wata gwaggonmu ma ta ce a nemo hayaƙi. Ita da ta san aikinta ta ce a kai ta a yi hoton zuciya. Aka duba aka ce zuciyar ta buɗe, ta yi rauni, ba ta iya tura jini yadda ya kamata.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, mu ne dai ba mu san sunansa ba. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, suka ga yana kama masu jego a nan fiye da kusan ko'ina a duniya, har suka zargi yawan kunun kanwa da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa. Binciken da aka yi daga baya a Sakkwato da Kano ya nuna a wasu asibitocin kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu tana gamuwa da shi, kuma an fi danganta shi da hawan jini na lokacin ciki da rashin abinci mai gina jiki. Wata zuciyarta kan dawo daidai, wata ta rasu, wata kuma ta rayu amma da rabin ƙarfi har iyakar rayuwarta. Yaya tana cikin na ukun. Kuma abin da ya sa nake wannan dogon bayani shi ne, wannan ciwo ba ya fitowa a fuska. Ba gurguwa ba ce balle ki ga sanda, ba makauniya ba ce balle ki ga ɗan jagora. In ta sha maganinta ta huta, za ki gan ta fes. Ba kya nan lokacin da za ta dawo daga bikin nan ta zube a kan kujera ba ta ko iya kwance ɗankwali.

Ba ta ajiye aiki don tana so ba. Bayan hutu ta koma, ta yi ta lallaɓawa wajen shekara biyu. Ta roƙi a cire ta daga aikin dare, a ba ta wurin da za ta zauna, ko a rage mata kwanaki a rage albashin ta yarda. Aka ce babu wannan tsarin, ko mutum yana aiki ko ba ya yi. Abokan aikinta wasu suka riƙa rufa mata asiri suna karɓar mata duti, wasu kuma suka fara ƙunƙuni, kuma ban ga laifinsu ba, su ma mutane ne da 'ya'ya a gida. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a kan matakalar bene da tiren magani a hannu, ranar ta san magana ta ƙare. Kwamitin likitoci ya zauna a kanta, aka rubuta ba za ta iya ci gaba ba. Ta yi ritaya tana da shekara 41, alhali a lokacin ma'aikacin gwamnati sai ya kai shekara 60 da haihuwa ko ya yi 35 yana aiki ake sallamarsa. Wannan ita ce wadda aka ce ta yi wayo.

Yanzu bari mu zo kan kuɗin gwamnatin da aka ce ta karɓe, don na lura mutanenmu da sun ji an ce fansho sai su ɗauka wata rijiya ce da ba ta ƙafewa. Tun dokar fansho ta 2004 aka canja tsarin ma'aikatan tarayya da na manyan kamfanoni. Kowane ma'aikaci yana da asusunsa, kamar dai asusun ƙasa da muke fasawa da sallah, duk wata a cire wani abu daga albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki shi ma ya zuba nasa. Da farko kashi 7 da rabi cikin ɗari ne kowane ɓangare, sai dokar 2014 ta mai da shi kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai aiki. Abin da ya taru a ciki da ribar da ya haifa, shi ne naka. A ƙa'ida ba a taɓa shi sai mutum ya kai shekara 50, amma wanda likitoci suka tabbatar rashin lafiya ya hana shi aikinsa an yarda ya fara karɓa kafin nan. Jihohi kuwa kowace da tata dokar, wannan na tarayya nake faɗa.

To 'yar uwa ki yi lissafin da kanki, ba sai kin je jami'a ba. Wadda ta yi zubi shekara 35 da wadda ta yi zubi shekara 15, asusunsu ɗaya ne? Sannan shekarun da albashi ya fi kauri, na ƙarshe-ƙarshen nan da mutum ya zama babba, su ne ciwo ya cinye mata. Sannan kuma ɗan abin da ya taru ba a shekarun tsufa kaɗai za a raba shi ba, tun daga 41 za a fara gutsura, dole a yanka shi siriri-siriri don ya kai. Ƙaramin tuwo ne aka ce a ci shi kwana da yawa. Ta bar aiki da kuɗi kaɗan da ciwo mai yawa, ga magani kala huɗu da ba a fashinsa ko na kwana ɗaya, ga ganin likita, ga hoton zuciya lokaci-lokaci, ga rangwamen magani da take samu tana ma'aikaciya ya tafi tare da aikin. Ana cikin haka aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000, komai na kasuwa ya bi bayanta, magani kuwa har ya fi kowa gudu. Gwamnati da kanta ta yarda kuɗi ya lalace, shi ya sa mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dubu 30 na 2019 zuwa dubu 70 a 2024. Abin da ke shigo wa Yaya bai yi wannan tsallen ba. Wata rana na je na tarar tana raba ƙwayar magani biyu da reza. Nas ce fa, ta fi kowa sanin abin da hakan ke jawowa. Na ce, "Yaya, me nake gani haka?" Ta ce, "Ke 'yar nan rufa mini asiri, wata ne ya yi nisa."

Amma in na ce kuɗi ne kaɗai ya fitar da ita na yi ƙarya, kuma ita ma ba za ta yafe mini ba. Zaman da ta yi a gida ya fi ciwon cin ta. Matar da ta saba da asuba ta yi wanka ta fita, ana "Sista zo ki duba", "Sista Allah Ya yi albarka", sai ga ta daga ɗaki sai tsakar gida, ana wucewa ana mata sannu kamar mai zaman makoki. Kowa ya shigo sai ya karkace kai ya ce "ya jiki", ba mai tambayarta komai kuma. Ta rame, ta daina kitso, ta koma faɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da dare mijinta ya ce yakan farka ya gan ta zaune ta zuba wa bango ido. Mu muna ganin gata muke mata, kar ki ɗaga, kar ki taɓa, kwanta ki huta, ashe binne ta muke yi da ranta.

Likitanta ne ma ya ce mata zaman nan ba shi ne magani ba, ta nemi abin da za ta riƙa yi daidai ƙarfinta, ban da ɗaukar nauyi, ban da hawa bene, ban da kwana a tsaye. Shi ne ta samu wani ƙaramin asibiti kusa da unguwarsu, kwana uku a sati, daga takwas zuwa sha biyu. A zaune take. Ta auna jinin masu ciki, ta ɗora su a sikeli, ta rubuta, ta yi musu bayani. Awa 12 ke nan a sati. Wannan shi ne tudu na biyun da aka ce tana ci.

Abin da ke damun mutanenmu shi ne, a wurinsu mutum iri biyu ne kawai, ko lafiyayye ko na kwance. In kina da ciwo to mu gan ki a shimfiɗe ana ba ki kunu a cokali, in kuwa kin miƙe kin shafa hoda to kin warke, tashi ki ɗauki duk kayan da kika ajiye. Tsakanin nan ba su san da shi ba, alhali a tsakanin nan mata da yawa a ƙasar nan suke rayuwa. Mai sikila da za ta yi wata biyu lafiya lau sannan sanyi ya kwantar da ita sati guda. Mai ciwon suga, mai hawan jini, mai ciwon baya tun haihuwar fari, wadda ɓarin jikinta ya taɓa shanyewa ya dawo amma bai dawo duka ba. Duk waɗannan in sun yi awa huɗu suna aiki ba shi ne ke nuna za su iya awa goma ba. Wanda ya iya ɗaukar bokiti ba a ce masa to ɗauki duro. Kuma abin mamaki, a kan sallah kowa ya gane wannan. Wadda ba ta iya tsayuwa ta yi a zaune, ba wanda ya taɓa ce mata tunda kin iya zama to ƙarya kike tashi tsaye, ba kuma wanda ya ce tunda ba kya iya tsayuwa to ki bari gaba ɗaya. Ubangijin da Ya halicci jikin Ya karɓi abin da ya samu, sai mu ne za mu ce ko duka ko babu?

Ni abin da ma ya fi ba ni haushi, wannan ra'ayi ba namu ba ne, a ofis muka tsince shi. Ku tuna kakanninmu. Yaushe Bahaushiya ta taɓa ritaya ta naɗe hannu? In ƙarfin daka da surfe ya ƙare sai ta koma kaɗi, tana zaune da mazari da alli a gefe. In ido ya rage ta koma ƙullin kuka da daddawa, jikoki na miƙa wa masu saye ta zaure. Tsoho in ya kasa riƙe garma sai ka gan shi a gindin bishiya yana tufkar igiya ko saƙar tabarma. Ba wanda ya ce masa munafuki, jiya ka ce bayanka na ciwo yau ga ka da kaba a hannu. Kowa ya san aiki hawa-hawa ne kamar yadda ƙarfi yake hawa-hawa. Har gobe ma a cikin gidaje haka ake yi, mai tuwon sayarwa in hayaƙi ya fara taɓa mata ƙirji ta koma sai da garin, mai ɗinki in ƙafa ta gaza da keke ta koma yanka tana ba yara suna haɗawa. Sai da aka zo kan mai albashi sannan abin ya zama zamba.

Masu cewa ta ci haram ko ta karya doka, to su je su sa a karanta musu dokar. Abin da likitoci ke tabbatarwa shi ne mutum ba zai iya aikin muƙamin da yake riƙe da shi ba. Wannan aikin, na tsayuwar dare da ɗaga majinyata. Ba a ce ba zai ƙara moruwa ba har ya mutu. Dokar 2014 ɗin ma da kanta ta buɗe ƙofa, ta ce in mutum ya samu sauƙi yana iya neman a sake duba shi, in an tabbatar ya warke ya samu wani aikin sai ya koma cikin tsarin ya ci gaba da zubi. Kuɗin da Yaya ke karɓa kuwa guminta ne da aka riƙa yanka duk wata ana ajiye mata, ba sadaka ba ce balle a ce ta tare wa wani miskini hanya. A wasu ƙasashen ma har ma'auni suka yi wa abin. A Ingila, a tsarin fanshon ma'aikatan ƙananan hukumomi, masu ritayar rashin lafiya hawa uku ne gwargwadon yadda ciwon ya ci mutum. Na hawan ƙasa, wanda ake sa ran zai farfaɗo, ana dakatar da kuɗinsa in ya samu cikakken aiki, amma sai suka fayyace mene ne cikakken aikin, wato wanda ya kai awa 30 a sati kuma zai ɗore shekara guda. Abin da bai kai haka ba ba su ɗauke shi komawa aiki ba. Ba wai na ce komai nasu daidai ne ba, amma dai sun zauna sun yarda akwai mai rabin ƙarfi, sun yi masa gurbi. Shi ya sa nake ce wa duk wadda za ta ajiye aiki saboda ciwo, ko a ina take, ta karanta takardar sallamarta da kyau ta ji sharaɗin da ke ciki, ta riƙe kwafin rahoton likitoci a ƙasan akwati tare da takardun gida. Bakin mutane ba a rufe shi da takarda, amma ofis ana rufe nasa.

Sai maza. Mijin Yaya mutumin kirki ne, ban ɗauke masa ba, ya yi jinya ya kashe abin da yake da shi. Amma da maganar aikin nan ta taso sai ya hau sama, wai so take a ce ya gaza, a ce ya tura mara lafiya nema. Ka ji fa. Ba ciwon ne ya dame shi ba a nan, abin da za a ce a majalisa ne. Yaya ta ce masa, "Alhaji, da nake raba ƙwaya biyu 'yan majalisar suna ina?" Sai da Hajiyarmu ta sa baki sannan ya sauko. Ni dai ina roƙon mazan da za su ari littafin nan a hannun matansu su karanta a ɓoye, don na san kuna yi, ku bambance tsakanin kishin lafiyar mace da kishin sunanku. In likita ya ce kar ta yi, to a hana ta, har ni zan taya ku. In kuwa likita ya ce ta yi kaɗan, kai kuma ka ce a'a don kar a ce, to ka sani ka zaɓi bakin mutane a kan matarka. Akwai kuma ɗaya ɓangaren, kada in manta da su, mazan da da sun ga ta fara kawo ɗan abu sai su janye hannu daga cefane, kuɗin makaranta ma a ce je ki wurin uwarku ai tana aiki. Awa huɗun nan sai ta zama takwas, takwas ta zama asibiti. Wannan shi ma kisa ne, a hankali dai ake yinsa.

Masu ɗaukar aiki su ma ba zan ƙyale su ba, don a nan ne ake cin tudu biyun na gaskiya. Sun samu ƙwararriya mai shekara 15 a babban asibiti, wadda da ido kawai za ta gane mai cikin da ke shirin jijjiga, amma da aka zo maganar kuɗi sai mai wurin ya ce, "Sista ai ke kina da fansho, wannan na a-daidaita-sahu ne kawai." Ina ruwanka da fanshonta? In ka je Kwari sayen atamfa, ɗan kasuwa yana rage maka don ya gaji gida? Aikin awa huɗu a biya kuɗin awa huɗu cif, ba rabinsa ba. Sun san ba ta da zaɓi ne, sun san mai ciwo ba ta iya yawon neman wani wurin, sai su mai da lalurarta abin ciniki. Kuma sannu-sannu sai a fara, Sista ɗan tsaya yau wance ba ta zo ba, Sista ko za ki leƙo ran Asabar. Sau biyu Yaya ta biye musu, sau biyun sai da ta kwana a jingine. Yanzu ta koyi cewa a'a, kuma na fi kowa murna.

Gwamnati kuwa ban san me zan ce mata ba. A 2024 hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ta ce sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Ana kukan babu ma'aikata, mata na haihuwa a hannun wanda bai sani ba, ga kuma wadda aka kashe kuɗi aka koyar, ta roƙa da bakinta a bar ta ta yi kwana uku a zaune, aka ce babu tsari. Da a rage mata kwanaki gara a rasa ta gaba ɗaya. An sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, har aka ce a ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, to madalla. Amma wadda tana cikin aikin lalura ta same ta fa? Ita ba sabon gurbi take nema ba, kujera take nema da ragin awoyi. Malamar makarantar da muryarta ko ƙafarta ta gaza, ba za ta iya duba jarrabawa ko riƙe ɗakin karatu ba? Sai dai a ce mata je ki gida Allah Ya ba da lafiya, a ɗauko wata.

'Yan mata, ku nake ji, ku da kuke ganin ƙarfin nan naku kamar ba zai ƙare ba. Yaya ma haka take a da, ita ce mai ɗaukar buhun gero ta shigar da shi ɗaki in maza sun yi nawa. Abin da ya cece ta yau ba ƙarfi ba ne, abin da ke cikin kanta ne, shi ciwo bai taɓa ba. Duk abin da za ki koya, ki haɗa da wanda za a iya yi a zaune. Ki riƙe takardunki, kada ki bar lasisinki ya mutu don kin yi aure, ita da ta bar nata ya mutu a shekarun zaman gida da yanzu sai dai labari. Kuma in Allah Ya jarrabe ki, kada ki ce sai kin nuna wa duniya ke jaruma ce. Na san mata da yawa da tsoron a ce ciwon ƙarya suke ya sa suka ƙi fita ko ƙofar gida, suka zauna suna kallon rufi don su cika sharaɗin masu gulma. Na kuma san waɗanda tsoron a ce sun zama kaya ya sa suka koma aiki gadan-gadan har aka ɗauko su ranga-ranga. Duka biyun don bakin mutane aka yi, kuma mutanen nan ko ƙwaya ɗaya ba su taɓa saya wa kowa ba.

Satin da ya wuce na bi ta wurin aikinta zan karɓi saƙo. Na same ta a kan kujerarta ta roba, ta ɗora ƙafa a kan wani ɗan kwali, mata sun cika benci. Wata yarinya mai jego, ba za ta wuce sha tara ba, ta kawo jariri rigakafi, ba ma wurin Yaya ta zo ba. Yaya ta bi ta da kallo ta ce, "Zo nan ƙanwata. Da dare matashi nawa kike sawa?" Yarinyar ta yi dariya ta ce uku, in ba haka ba numfashinta toshewa yake. Yaya ta danna mata ƙafa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Nan take ta rubuta takarda ta ce a kira mijin a waya, yau ɗin nan ba gobe ba a kai ta babban asibiti, kuma a dakata da kunun kanwa.

Sha biyu na bugawa ta rufe littafinta, saura mata huɗu a benci. Ta miƙa wa ƙaramar nas ɗin abin awon jinin, ta ɗauki jakarta. Mai wurin ya leƙo ya ce, "Sista ba za ki ɗan ƙarasa su ba?" Ta ce, "Sai Alhamis in Allah Ya kai mu." Muka fito na tare mana a-daidaita.